Kujerar Baya ta Jirgin Mai Walda

Duk layin sun san shi da Mai Walda, sai 'yan tsokana da ke ce masa Direban Sama. Ya tsufa yana haɗa ƙofofi da gadajen ƙarfe, amma ransa na kan wasu akwatuna da ya yi oda. A cikinsu akwai ƙaramin jirgi irin wanda mutum ke haɗawa da hannunsa: bututun alminiyam, fiffiken yadi, taya uku, kujera gaba da baya, sai inji mai farfela. Gaba ɗayan keken, wato tayoyin da kujerun da injin, yana rataye a jikin fiffiken da ƙusa guda mai kauri.

Ba a tashi da irinsa sai an rataye shi an ga inda ya rinjaya. Da ya haɗa keken, ya ɗaga shi da sarƙa a ƙarfen rufin shago, ya zauna gaba, matarsa a baya tana lilo da ƙafa.

"Maigida, ka kayar da ni, kai da girkina har abada," ta ce.

Autarsu ta ja layin alli a bango, daidai tayar gaba. Uwar ta rasu kafin a ɗaura fiffike.

Da Auta ta gama jami'a ta dawo gida, ya ce ta zo ta duba masa ratayen jirgin, ya gaji da jira. Ya hau shi kaɗai. Tayar ta ɗan yi lilo, ta tsaya cak a kan tsohon layin.

"Baba, babu kowa a baya fa. Hancin ya kamata ya sauka."

"Uhm."

Ta laluba ƙarƙashin kujerar ko ya ɓoye wani ƙarfe. Babu komai. Ta jawo buhun yashi ta ɗora, sai hancin ya ɗaga ya wuce layin, kamar mutum biyu ke baya.

"Sauke shi, Auta," ya ce a hankali. "Kin danne mamanki."

Daren nan Auta ta kwana tana lissafi. Tsohon zai hau sama da nauyin da ba wanda ke gani. In nauyin ya sauka suna can fa? Ta roƙe shi ya sake daidaita ratayen, ya ce ba zai taɓa abin da ya zauna daidai ba.

Da safe suka tura jirgin filin bayan masaƙa. Ya ɗaure bel ɗin baya, ya bar masa sarari daidai ƙugun mutum, sannan ya hau ya tayar da inji. Auta ta rasa lissafin da za ta kawo masa. Ta riƙe hannun rigarsa, ta ɗaga murya.

"Baba, ka tambaye ta kuwa? Tana son zuwa?"

Ya dube ta, ya waiwaya baya. Ya daɗe a haka, farfela na kaɗa ciyawa. Can ya kashe inji.

"Ta ce ba yau ba."

Kujerar baya ta yi 'yar ƙara, tayoyin baya suka ɗago kaɗan daga cikin ciyawa. Auta ta matsa gefe ta ba da hanya.