Darasin Rufe Ƙofa

Shekarar da fari ya tsananta, zamanin mulkin soja, ina koyar da Ingilishi a wata kwaleji a garin Tawa. Wata Litinin darasi ya faɗo kan rufewa. Mu da “rufe” ɗaya muke gama komai, daga tukunya har baki. Bature kuwa, da yake ba shi da aikin yi, sai ya tara kalmomi.

Na yi bayani da Faransanci, yara suka zuba mini ido. Sai na kama ƙofar aji. Na tura ta a hankali kamar mai fitowa daga ɗakin suruki, na ce *close*. Na buga ta har ƙasa ta zubo daga rufi, na ce *slam*. Na sa mata kwaɗo, na ce *lock*. *Seal* kuma, na ce, shi ne yadda ake liƙe bakin rumbu da laka.

Wani ɗalibi ɗan Tebaram, wanda ya fi kowa ƙoƙari, ya ɗaga hannu, ya kira ni Mushe, yadda suke kiran malami da Faransanci.

“Mushe, in mutum ya ja ƙaya ya tare ƙohwar gida, ya tahi da iyali duka, mi aka ce ma wannan?”

Na ce Turawa ba su da ƙaya. Aji ya kwashe da dariya, shi bai yi ba. Bayan an tashi ya gaya mini dabbobinsu sun ƙare, ubansa ya aiko ya koma gida, za su yi kudu. Saura wata uku jarrabawar ƙarshe, amma ya tattara ya tafi.

Haushi ya kama ni. Kai, shekara huɗu ina dakan yaron nan! Ran Asabar na hau bayan wata babbar mota har garinsu, da niyyar in roƙi a bar mini shi, ya ci abin da nake ci.

Na tarar da su suna toshe ƙofar ɗaki, uban yana ɗora tubali, ɗan yana miƙa laka. Na yi dogon jawabi kan ilimi da ci gaban ƙasa, irin na gidan rediyo. Tsohon ya saurara har na gaji.

“Ɗauke shi, Malam,” in ji shi. “An rage baki guda.”

Na ji daɗi ƙwarai, har na fara godiya. Sai yaron ya ce a'a. Uwarsa ba ta da lafiya, ƙannensa uku ƙanana ne, uban ba zai iya goya su duka ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, har gori na yi masa. Bai daina miƙa laka ba.

Da zan tafi ya wanke hannu sosai, ya buɗe wani ƙunshi, ya miƙo mini littafinsa na Ingilishi.

“Na gwamnati na, Mushe. Kada sojoji su tambaye ka.”

Na karɓa. Wallahi na karɓa, har na duba ko shafukan sun cika.