Sukurun da Ya Ɓace a Taman Melati

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur, malamin da ke duba aikina ya ce ƙaramar kwamfutata ba za ta ɗauki lissafin da bincikena ke buƙata ba. Babbar kwamfuta haɗaɗɗiya ta fi ƙarfin aljihuna, sai na sayo kayan babba guntu-guntu, na kinkimo kwalayen a jirgin ƙasa zuwa gidan da muke haya a Taman Melati. Ban taɓa haɗa kwamfuta ba. Iyakar sanina bidiyo ne, sai gargaɗin mai kedai, wato shagon da na sayi kayan: kada in jona wuta sai na gama, kuma in ɗaura wani maɗauri mai waya a wuyan hannu, in maƙala shi a jikin akwatin kwamfutar, don ita wutar da jikin mutum ke tarawa tana ƙona kaya ba a ji ba a gani.

Ranar Asabar bayan azahar na naɗe kafet, na zauna a kan tayil ba takalmi. Na kwantar da akwatin a buɗe, na zuba sukurori a murfin kwano. Matata na kicin, 'yarmu kuwa, wadda ta fara rarrafe, tana can ƙuryar falo da kayan wasanta. Zufa kawai nake yi. Duk abin da na ɗauka sai in ga kamar zai karye a hannuna.

Na kafa madabod, babban allon da komai ke hawa kansa, saura sukuru ɗaya in ɗaure, sai ruwa ya kece da iska. Na cire maɗaurin, na ruga rufe tagogi. Da na dawo, sai ga yarinya zaune gefen akwatin tana motsa baki. Murfin kwano wayam.

Ban san irin kiran da na yi ba, sai ganin matata na yi a kaina da ludayi a hannu.

"Maigida, lafiya?"

"Sukuru. Akwai guda ɗaya a nan."

Ta yar da ludayin, ta sa yatsa a bakin yarinya ta lalube. Babu komai sai yawu. Yarinya ta tsandara ihu.

"Ka tabbata yana nan ka tashi?"

Ban tabbata ba. Na shafa tayil da tafin hannu, na haska ƙarƙashin kujera da fitilar waya, na karkata akwatin ina saurare ko zan ji ƙara. Shiru.

"Ni asibiti zan tafi," in ji ta. Ta goya yarinya, ta zura hijabi, ta nemi tasi a waya. Saboda ruwan, babu motar da ke kusa. Tana tsaye bakin ƙofa tana jijjiga goyo tana salati, ni kuma na koma na fara kwance duk abin da na wuni ina ɗaurawa. Sukudireba sai zamewa take. Na ɗaga madabod a hankali.

Ga shi nan kwance a ƙarƙashi, ya maƙale a wani lungu. Ko yarinyar ce ta jefa, ko daga hannuna ya suɓuce da zan tashi, Allah masani. Da na jona wuta yana wurin, da allon ya ƙone, amma a lokacin ko a jikina.

Na miƙa wa matata shi a tafin hannu. Ta juya shi, ta sake juyawa, sannan ta sulale ta zauna a ƙasa da goyonta.

"Shi ne dai? Babu wani?"

"Babu."

Ba ta yarda ba. Kwana da kwanaki tana duba kashin yarinyar duk sanda ta sauya mata kunzugu. Ni ma ban iya komawa kan aikin ba sai da mako ya zagayo, na ɗora komai a kan tebur, na kulle ɗaki. Da na danna maɓalli fankar kwamfutar ta juya, fuskarta ta kawo haske. Na leƙa falo in gaya mata, na tarar su biyun sun yi barci a kan kujera, sai na ja ƙofa a hankali.