Tukur Na-Biyu

A Tudun Wada ta Gusau, can a shekarun da jam'iyyu suka fara buɗe rassa a garuruwa, akwai wani tela da ake kira Tukur. Ɗinkinsa ba yabo ba fallasa, amma surutunsa ya fi na keken ɗinkinsa.

Ra'ayin da ya sa aka san shi daga wajen matarsa Delu ya samo shi. In za ta aike shi cefane sai ta ce, "Ka sawo kuka. In babu, kuɓewa. In ita ma babu, karkashi." Wata ranar kasuwa yana tafe da kuɓewa a hannu sai ya tsaya cik a tsakiyar hanya, har wani mai jaki ya kusa ture shi. Ya ce a ransa, to me zai hana a zaɓi shugabanni haka? Kowa ya faɗi na farkonsa da na biyunsa. In ba wanda ya samu fiye da rabin mutane, a cire na ƙarshe, mutanensa su koma wa na biyunsu.

A taron reshen jam'iyya na Gusau ya fara kawo maganar. Shugaban taro ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam Tukur, mu ɗaya ma da ƙyar muke zaɓa ba a fasa kan wani ba. Zauna." Daga ranar yara suka laƙaba masa Na-Biyu.

Bai karaya ba. Ya hau kekensa sai Bungudu, inda aka yarda a gwada don a ga abin dariya. Ya jera ƙwarya, ya raba wa kowa ƙwayar masara ta zaɓin farko da gyaɗa ta zaɓi na biyu. Sai dai bayaninsa ya yi tsawo. Kafin ya gama, manoman Furfuri da ke zaune a baya sun cinye zaɓinsu na biyu, wani ma yana tambaya ko akwai ƙari.

A Tsafe ne abin ya kama. Mutum uku ke neman shugabancin reshe: Garba mahauci, Ɗanjuma mai motar ɗaukar gyaɗa, wanda ba sa ga maciji da Garba, sai Sahabi, wani mai sayar da goro da surukansa suka tsayar ba da son ransa ba. Wannan karon Tukur ya yi wayo, ya bar gyaɗa a gida. Kowa ya raɗa wa limami na biyunsa, sannan aka yi layi.

Layin Garba ya fi tsawo, amma bai kai rabi ba. Na Ɗanjuma ne gajere. Da aka ce mutanensa su koma wa na biyunsu, gaba ɗayansu har da Ɗanjuman suka jeru a layin Sahabi, wanda ya jingina da bango yana gyangyaɗi. Da guɗa aka tashe shi.

"Lahiya? Mi ya faru?"

"Kai ka ci!"

"Ni? Mi na yi muku?"

Garba kuwa ya cire hula ya buga da ƙasa. "Ni ke gaba, kowa ya gani! Wane ɗan tela ya zo da wannan siddabaru?" Tukur ya bar Tsafe ta bayan kasuwa, yana tura keke don sarƙa ta zame. Amma Sahabi ya riƙe reshen lafiya, domin ba ya son dogon taro, kuma ba wanda ke jin haushinsa.

Da labari ya kai Gusau, sai aka ce to a gwada a zaɓen sakataren reshe, kuma Tukur ya tsaya. Kowa na son sa, kusan kowa ya sa shi na biyu. Da aka yi layi, bayansa wayam. Shi kansa ya ji kunyar surukinsa Lawali da ke takara, ya je ya tsaya a layin Lawalin.

Shugaban taro ya dube shi yana danne dariya. "Malam Tukur, kai ka san ƙa'ida. Wa za a cire?"

Tukur ya gyara babbar rigarsa, ya yi gyaran murya. "Ni ne, ranka ya daɗe. Kuma daidai ne."

Da yamma ya koma shago ya ƙarasa wandon da mai shi ya gaji da zuwa karɓa.