Wayar da ta Kwanta a kan Dutse

Aikina a kamfanin wuta a Garoua shi ne kula da rele. Rele wata 'yar na'ura ce da ke cikin akwatin ƙarfe a tashar rarraba wuta, tana sauraron layi ba dare ba rana. In waya ta tsinke ta faɗi ƙasa, ko reshe ya haɗa wayoyi biyu, ita ke fara ji, sai ta sa babban makunni, wanda muke kira disjonkta, ya yanke layin kafin ƙiftawar ido. Sai dai ba ta da hankalin kanta. Mutum ne ke sa mata iyaka, ya ce in wutar da ke zurarewa ƙasa ta kai kaza, ki yanke. A layin da ke ratsa ƙauyukan Guider, ni na sa wannan iyaka.

A shekarar da nake ba da labarinta, layin nan ya addabi kowa. Iska ta kaɗa reshe, ya yanke. Tsuntsu ya sauka inda bai kamata ba, ya yanke. Yayana yana da shago a Guider, yana sayar da ɗanyen kifin tafkin Lagdo a cikin firiza, kuma duk yankewa sai wayata ta yi ƙara.

"Kana cikin gidan wuta, ɗan'uwanka yana zubar da kifi a bola," in ji shi. "Karatun naka na mene ne?"

"Yaya, ka yi haƙuri, na'ura ce ke aikinta."

"Na'urar ba ta da maigida ne?"

Shef ɗinmu, wato shugaban sashenmu, shi ma ƙorafin jama'a ya ishe shi. Amma ba zan ɗora wa kowa ba. Ni na zauna na yi lissafi, na ga akwai sarari, na ɗaga iyakar. Shef ya sa hannu a takardar yana amsa waya. Aka yi makonni layin bai yanke ba, har Yaya ya aiko mini da kwalin banda.

Ranar da abin ya faru ƙarshen bazara ne, ƙasa ta bushe ƙamas, hadari yana haɗuwa kullum yana watsewa ba ruwa. Ranar kasuwar Guider ce. Da hantsi na leƙa allon da ke nuna halin layuka, sai na ga ma'aunin wutar da ke zurarewa ƙasa ya ɗan ɗaga. A layi mai lafiya kusan babu komai a wurin. Wannan kuwa yana hawa, ya sauka, ya ɓace, ya dawo, kamar numfashin majinyaci. Bai ko kusanci iyakar ba. Na ce a raina wata itaciya ce ke shafar waya, na koma kan kujerata. Amma idona ya ƙi barin allon.

Can sai mai karɓar kiran jama'a ya leƙo, ya ce wani mai injin niƙa a wani ƙauye bayan Guider ya kira, wai injinsa yana gurnani amma ya ƙi juyawa. Nan na fara gane abin. Layin wayoyi uku ne. Inji yakan yi irin wannan gurnani in biyu kawai ke isa gare shi. Ke nan ɗaya ta tsinke. Kuma in ta tsinke rele ba ta yanke ba, to ta faɗi ne a wurin da ba ya shan wuta sosai, kan dutse ko busasshen yashi, tana nan kwance da ranta.

Na tafi ofishin shef.

"Rele ta yanke?" ya tambaya.

"Ba ta yanke ba, Shef."

"To me kake so in yi? In kashe wa mutane wuta ranar kasuwa saboda injin niƙa? Akwai asibiti a layin nan. Wataƙila fis ne ya ƙone a taransifomar ƙauyen. Ka tura mutanenmu na can su duba."

Maganarsa ba wauta ba ce, sau da yawa hakan ne. Na kira ma'aikatanmu na Guider, aka ce sun fita wani gyara, babu rezo inda suke, waya ba ta shiga. Na koma gaban allo na tsaya. Abin yana hawa yana sauka. Na san hanyoyin yankin nan: duk ranar kasuwa mutanen kan duwatsu suna gangarowa da gyaɗa da awaki, kuma turbarsu tana bi ta ƙarƙashin layin a wurare da dama. Na kai hannu kan maɓallin yanke layin na janye ya fi sau uku. Ina tunanin asibiti, ina tunanin takardar tuhuma, ina tunanin muryar Yaya. Wajen minti arba'in na yi a haka kafin na yi bismilla na danna.

Na sanar da shef a tsaye, ban jira amsarsa ba, muka kama hanya ni da direba. Bayan azahar muka bar kwalta, daga baya muka bar motar ma, muka bi turakan wuta da ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Babu iska, babu kukan tsuntsu. Direban ne ya fara nuna mini ungulaye suna kewayawa a sama. Daga nan sai ƙaurin ƙonannen gashi.

Wayar tana kwance a kan wani faffaɗan dutse, ta gitta turbar. Inda ta taɓa, dutsen ya narke ya yi baƙin layi mai ƙyalli kamar kwalba. Jaki yana kwance a gefe, buhunan gyaɗa har yanzu a ɗaure a bayansa. An tare turbar gaba da baya da ƙaya. Wata dattijuwa mai gicciye a wuya tana zaune a kan dutse da doguwar sanda a hannu.

"Sannu, Mama," na ce. "Ke kika sa ƙayar nan?"

"Ni ne," ta amsa da Hausar kasuwa. "Tun safe ina kore mutane. Abin yana ta huci kamar maciji. Yanzu ya yi shiru, amma ban yarda da shi ba."

Ta ce jakin na ƙanen mijinta ne. Ya riga ta yin gaba, jakin ya taka wayar ya faɗi. Mutumin ya tsaya nesa ya daɗe yana kallo. Daga baya zuciyarsa ta kasa jurewa, ya matsa ya kama igiyar don ya jawo dabbarsa. Wutar ta yi jifa da shi. An ɗauke shi a babur zuwa asibiti.

"Yaushe ya kama igiyar, Mama?"

Ta ɗaga sandar ta nuna inda rana take a lokacin. Na duba wurin da ta nuna, na yi lissafi a raina. Lokacin ya faɗa cikin mintunan nan arba'in, ko dab da su. Ban sake tambayarta komai ba.

Washegari na mayar da iyakar inda take a da. Sannan na ciro abin da na'urar ta adana, na gwada shi da tsohuwar iyakar, in ga ko da ban taɓa ta ba za ta yanke. Na yi lissafin ya fi sau goma. A wasu lokutan wutar takan taɓo tsohuwar iyakar ta koma kafin lokacin yankewa ya cika. Sau ɗaya ta tsaya daidai bakin. Har yau ba zan iya rantsewa kan i ko a'a ba.

Bayan kwana uku na je asibitin Guider. Mutumin yana kwance, hannunsa na dama a naɗe, an cire yatsu biyu. Dattijuwar tana gefen gado, ta gaya masa da yarensu ko ni wane ne. Ya yunƙura ya miƙo mini hannun hagu.

"Kai ne ka kashe wutar?"

"Ni ne, Baba."

"Useko, na gode. Da ba ka kashe ba, da yara 'yan makaranta sun bi ta kan wayar da yamma. Allah ya sa maka albarka."

Na ce amin. Na ajiye masa sabulu da sukari da na zo da su, na yi masa fatan samun sauƙi, na fito. Ban faɗa masa komai game da iyakar ba, ko game da mintunan da na ɓata. Ina isa bakin ƙofar asibitin ruwan farko na shekarar ya sauko, na tsaya a ƙarƙashin rumfa tare da masu jinya har ya ɗauke.