Sana'ar da Nomau Ya Liƙa a Takarda

Nomau mutumin Garagumsa ne, manomi ɗan manomi. Ya ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, yana yaro kafin ubansa ya cire shi, abin da ya rage masa daga can kuwa shi ne son zane. Ko a gona, in ya zauna hutawa, sai ka gan shi yana zana raƙumi a ƙasa da tsinke.

A lokacin farin shekarar tamanin da huɗu ya yi shuka ta ƙone, ya sake ta ƙone. Sansa guda ya faɗi a bakin rijiya bai ƙara tashi ba. Iyakar Najeriya kuma a rufe take, balle ya tafi cin rani Kano. Sai ya kwashi matarsa Lami da 'yarsu Hauwa'u, suka hau kamiyo zuwa Damagaram. Suka sauka a Zango wajen Kyari, mai sayar da kanwa, mijin yayar Lami. Kyari ya ba su rumfar da yake ɗaure awaki a da.

"Nan birni ne," in ji Kyari. "Me ka iya?"

"Noma, Yaya."

"Ban da shi fa?"

Nomau ya sunkuyar da kai. Ya haura talatin a duniya, ba a taɓa yi masa wannan tambaya ba.

A lokacin ana raba garin madara na agaji, a cikin buhunan takarda masu kauri yake zuwa. Nomau ya roƙi buhu guda da aka zazzage, ya yanka shi falle-falle, ya ɗinke gefe ɗaya da zare, ya zama littafi. Kullum in ya fita yawon neman aiki sai ya tsinto wani abu daga bakin sana'ar da ya gani: ƙyalle daga ƙofar tela, guntun gwangwani daga wajen masu ƙera fitila, ɓaraguzan jar fata daga layin dukawa. Ya dawo ya jiƙa ƙaro ya liƙa, ya zana kansa a gefe da gawayi da jar ƙasa, ga shi a kan keken ɗinki, ga shi riƙe da guduma. Tururuwa na bin takardar saboda ƙanshin madara, yana kakkaɓewa.

"Malam," in ji Lami, "mutane na neman abin sawa a baka, kai kana liƙe-liƙe kamar yaro?"

"Kaina ne ya cushe. In na ajiye abu a takarda ina iya duba shi, in ga ko ya dace da ni."

Ya fara da tela. Telan ya nuna masa kekensa a lulluɓe, ya ce, "Tun Sallah ban ɗinka riga ba. Likkafani kawai ake kawowa, shi kuwa ba ya buƙatar gwani." Masu ƙera fitila suka ce su ma sun yi wa aikin yawa. Nomau ya bar waɗannan shafuka yadda suke.

Shafin fata ne ya ƙi ƙarewa. Ya cika falle ɗaya ya shiga na gaba, yana yanka ja da kore da baƙi yana jera su, har zanen kansa ya daina yi, sai ado kawai. Wata rana yana dubawa ya ce wa Lami, "Wannan ce. Dukanci nake so."

Ya ɗauki littafin ya tafi unguwar Birni wajen wani tsohon baduku, Malam Musa. Tsohon ya daɗe yana buɗe shafukan da yatsunsa masu rini.

"Hannunka mai kyau ne, ɗana. Da a shekarar arziki ka zo, da na yi murna. Dubi fata, ga ta nan jibge, dabbobi sun mutu sun bar mana. Amma wa zai sayi jaka cikinsa ba komai? In za ka zauna ka koya, bismilla. Sai dai ba ni da abin da zan ba ka."

"Na yarda, Baba."

Haka ya riƙa sammako zuwa Birni, ya wuni yana yanka da ɗinki, ya dawo hannu wofi. Lami tana yi wa mutane surfe da wanki, da wannan da ɗan agaji suke rayuwa. Duk da yunwar, Nomau ya kan dawo da fara'a, ya zauna yana ba Hauwa'u labarin kuben wuƙar da ya ɗinka.

Da bazara ƙyanda ta shigo unguwa. Yaran da suka ƙoshi ma da ƙyar suka sha, balle Hauwa'u da ta rame sai idanu. Suka kai ta asibiti, suka tarar da mata zaune a ƙasa har ƙofa, kowace da nata a cinya. Ba ta yi mako ba ta rasu. Nomau yana Birni a ranar, aika masa aka yi.

Lami ba ta yi masa gori ba. Bayan sadakar uku ta tambaye shi a hankali, "Gobe za ka koma wajen Baba Musa?"

"A'a."

Kyari ya samo masa garwa biyu da sandar rataya, ya zama ɗan ga-ruwa. Damagaram gari ne mai ƙarancin ruwa, wannan aiki ba ya yankewa. Yakan wuni a layin famfo, ya hau tudu ya gangara, kafaɗarsa ta yi kanta, ta fashe, ta sake yin kanta. Littafin yana soke a rufin rumfa. Da ruwa ya sauka a damina ta gaba, rufin ya yi yoyo, ƙaron ya narke, gara ta cinye saura. Shi da kansa ya share wurin.

Mutanen ƙauye suka koma gida, shi ya ce ba zai bar garin da aka binne 'yarsa ba, ya bar wa ƙanensa gonar. Da kasuwa ta fara farfaɗowa Lami ta matsa masa ya leƙa Birni. Ya je ya tarar Malam Musa ya rasu, wani mai gyaran rediyo ne a shagon.

Allah ya ba su wasu 'ya'ya, da ruwan nan ya ciyar da su duka. Da bayansa ya gaza sai ya koma gadin rumfunan kanwa a kasuwa. Ya rasu wata bazara bayan gajeriyar jinya, 'yan ga-ruwan Zango ne suka ɗauki makararsa.