Katin da Ya Fito Sau Goma Sha Ɗaya

Shekara ashirin da biyu ta yi a ɗakin ajiye bayanai na wani ƙaramin asibiti, ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai ƙugi, har sunanta ya ɓace, kowa Maman Fayil yake ce mata. Da can da biro take ƙirga, zane huɗu a tsaye, na biyar a gicciye. Da kwamfuta ta zo aka tura ta kwas na wata uku, ta dawo ta iya rubuta 'yar manhaja: a ba ta jeri, ta bi shi ɗaya bayan ɗaya, wanda ta taɓa gani ta ƙara masa ɗaya, sabo kuma ta buɗe masa gurbi.

Aikin dai bai ragu ba. Wata nas ta rubuta "zazzaɓi", wata "zazzabi", wata ta bar fili a ƙarshe, kwamfuta ta ɗauke su cuta uku. Maman Fayil ce mai gyarawa, ido na ruwa, baya na ciwo.

Wata Talata babban likita ya nemi sanin marasa lafiyan da suka fi dawowa. Ta zuba lambobin kati na wata shida. Na biyu a jerin ya fito sau goma sha ɗaya. Ta san lambar, don ita ta buɗe wa mijinta katin.

Ta sake bin manhajar layi-layi, tana fatan kuskure. Babu. Duk zuwan nasa wajen likitan zuciya ne, mai zuwa ran Alhamis, ranar da ita take kai rahoto hedikwata.

Da aka tashi ta wuce shagon mijin nata, ta same shi kan keken ɗinki.

"Baban yara, har sau goma sha ɗaya?"

Ya sauke ƙafa daga keken. "Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Ƙirgawa na yi."

"Gani na yi kin gaji. Na ce kada in ƙara miki."

Ko ƙarfin faɗa ba ta da shi. Ta ture yaduka daga benci ta zauna, ta ce ya fito da magungunan ta gani. Suna cikin gwangwanin maɓallai.

Tun daga nan wata abokiyar aikinta ke kai rahoton. Ran Alhamis Maman Fayil tana zaune gefensa a layin likita, jakar magani a cinya, wani lokaci gyangyaɗi ya ɗauke ta, sai shi ya taɓa ta idan an kira su.