Ranar da Muka Karɓo Sakamakon Jinin 'Yarmu

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, mu uku: ni da mai ɗakina da 'yarmu ta fari, mai shekara takwas. Asibitin koyarwa da ke Gyadi-Gyadi a Kano muka nufa, don karɓo sakamakon jinin yarinyar da aka ɗiba watannin baya. Na yi wa masu bibiyata alkawarin labarin tafiyar, to ga shi, sai dai ba irin wanda na saba ba ku ba ne.

Ga wanda bai sani ba, an haifi yarinyar nan jikinta ba ƙwari, ba ta kuka, ko nono ba ta iya kamawa. Da cokali uwar ta riƙa ɗura mata. Tana shekara uku sai abin ya juye, ta kama ci ba ƙoshi. Yanzu za ta tashi daga kan kwano ta ce yunwa take ji, kuma da gaske take, har da hawaye. Uwar ta fara kulle kicin, ta roƙi maƙwabta su daina ba ta komai. A garinmu kuwa macen da ta hana 'yarta abinci sunanta marowaciya. Mahaifiyata, Inna, ta ƙara da cewa cutar ma daga dangin mai ɗakina ta zo, tunda akwai wani kawunta da ya girma bai yi wayo ba. Shekara biyar ana wannan magana, a tsakar gidanmu, a gidan suna, a gidan biki. Ni kuwa, duk da karatuna na malamin makaranta, ban taɓa cewa uffan ba. In gaya muku gaskiya, a raina na yarda da Inna.

A Kwanar Ɗangora muka sami mota, irin wadda ake cusa mutum huɗu a baya direba yana rantsuwa cewa da sauran wuri. Tunda titi ya yi sumul, shi kuma ya manta an yi wa mota birki. Gonakin shinkafa na Kadawa sun yi kore shar, amma ban ji daɗin kallonsu ba. A Kura muka tsaya sauke fasinja, masu talla suka yanyame motar da gurasa da awara da dafaffen ƙwai. Wata dattijuwa da ke gefenmu ta ga yadda yarinyar ke bin tire da ido, sai ta sayi awara ta miƙa mata. Mai ɗakina ta karɓe a hankali, ta yi godiya, ta mayar.

Dattijuwar ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, "Ke kuwa 'yar nan, anya ke kika haife ta?"

Mai ɗakina ta juya tana kallon waje. Yarinyar ta yi ta kuka har Na'ibawa. Ni kuma na sunkuyar da kai ina latsa waya, kamar ba tare muke ba.

Mun sauka a Unguwa Uku rana ta fara zafi. Mai adaidaita sahun da muka tare ya yanka mana kuɗi kamar Abuja zai kai mu, sai da na nuna masa ni ma na taɓa zama a Kano sannan ya sauko. Ashe shi ne baƙon, bai fi wata biyu da barin ƙauyensu ba, ni na riƙa nuna masa hanya. Bakin asibitin kuwa kasuwa ce guda: shagunan magani a jere, masu shayi, 'yan jinya da filas da tabarma, ɗalibai da fararen riguna suna sauri kamar ana binsu. Wata ma'aikaciyar jinya ta ɗora yarinyar a kan sikeli tana tsokanarta da Hajiya ƙarama, har ta sa ta dariya.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka kira mu. Likitar mace ce, ba ta da yawan shekaru, amma tana da haƙurin bayani. Ta ce sunan cutar Prader-Willi. Ta juya bayan takarda ta ja layi biyu. Ta ce kowane ɗan Adam yana karɓar ƙwayoyin gado kashi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma galibi dukkansu suna aiki. Amma akwai wasu 'yan kaɗan da ke zuwa da hatimi a kansu tun kafin ciki ya shiga. Idan ƙwayoyin halitta na farko suka fara rabuwa a mahaifa, tun babu ƙashi babu tsoka, suna riƙe da wannan hatimi, kuma da shi jiki ke sanin wanne zai yi aiki, wanne zai yi shiru. A wurin da ya shafi ƙarfin jariri da jin ƙoshi, na uwa a kashe yake ga kowane mutum, haka halittar take. Na uba kaɗai ke aiki. Kamar ɗaki ne mai fitila biyu, ɗaya an kashe ta da gangan, in ɗayar ta ɓace sai duhu.

Na tambaye ta, to a jikin 'yarmu me ya faru? Ta ce, "Malam, guntun da ya kamata ya zo daga wajenka ne bai zo ba. Na mahaifiyarta yana nan lafiya lau. Amma ba laifinka ba ne, ba wani abu ka yi ba, haka yake faɗowa."

Na tambaya ko ba za a iya kunna na uwar ba, tunda yana nan. Ta ce masu bincike suna renon irin waɗannan ƙwayoyin halitta na farko a ɗakin gwaji suna neman hanyar, amma har yau bai zama magani ba, kuma ba za ta yi mana alkawarin ƙarya ba. Yunwar nan ba za ta tafi ba. Da ta ji yadda ake kulle kicin a gidanmu, sai ta dubi mai ɗakina ta ce wannan kullewar ce ta raya yarinyar zuwa yau, kada ta bari kowa ya sa ta daina. Mai ɗakina ta ja mayafi ta rufe fuska.

Mun yi azahar a wani masallaci a Tarauni, muka shiga wajen wata mai abinci kusa da kasuwa. Shinkafa da wake ce da mai da yaji, ta yi daɗi. Mai ɗakina ta auna wa yarinyar nata, sannan ta ɗibi daidai wannan ɗan kaɗan ɗin ta ci, ta ture sauran. A nan na tuna ban san rabon da in ga ta ci ta ƙoshi a gaban yarinyar ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Daga nan muka kama hanyar komawa. Yarinyar ta yi barci a cinyar uwarta tun daga Karfi. Mun isa gida bayan la'asar, muka tarar da Inna a kan tabarma tana jiranmu. Ko ruwa ba mu sha ba ta tambayi abin da likita ya ce. Ina ta neman ta inda zan fara, sai mai ɗakina ta riga ni.

"Sun ce haka Allah ya halicce ta, Inna. Ba laifin kowa ba ne."

Inna ta taɓe baki ta ce ai likitoci ba za su faɗa wa uwar gaskiya a kan idonta ba. A nan ne bakina ya buɗe, bayan shekara biyar. Na durƙusa na ce, "Inna, daga wajena ne. Nata lafiyarsa ƙalau, nawa ne bai zo ba." Na yi mata bayani iya fahimtata. Inna ta daɗe tana kallon jikarta, carbinta ya tsaya a hannu.

Na ɗauka na yi abin kirki. Na bi mai ɗakina kicin, na same ta tana hura wuta, na ce ta yafe mini, ban sani ba ne. Tafiyar nan ta koya mini abubuwa da yawa game da jini da gado, amma babban darasin a bakin murhu na same shi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma ɗago kai ba.

Ta ce, "Na yafe maka, Malam. Amma da a ce takardar nan ta nuna daga wajena ne fa? Da yau ma shiru za ka yi."

Na tsaya ina neman amsar da zan ba ta. Har yanzu da nake rubuta muku wannan, ban samu ba.